YFZ450 mai kafireto ko YFZ450R mai injekta, wanne ya fi ƙarfi?

Ɗanbirni:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin inji ku taimaka min da shawara. Na daɗe ina son mallakar babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, ba irin na aikin gona mai kariyar ɗora kaya gaba da baya ba, irin na wasa nake nufi, mai kuloci da giya a ƙafa. To yanzu wani dila a Legas ya turo min hotunan guda biyu ta WhatsApp, duka tokumbo ne daga Amurka kuma duka Yamaha. Ɗaya YFZ450 ne na 2007 mai kafireto, ɗayan kuma YFZ450R na 2010 mai injekta. A takarda dai injinsu duka 449cc ne amma kuɗin mai injektan ya ɗara sosai, da na tambaye shi dalili sai ya ce wai ƙarfin injekta ya kusa ninka na kafireto, wai in na ba shi wuta sai na riƙe kan da kyau in ba haka ba zai zubar da ni.

Abin da nake son sani, da gaske ne injekta yana ƙara wa inji ƙarfi ko dai zaƙin bakin dillalai ne? A Kano nake, gona zan dinga hawa da shi can wajen gari, wani lokacin kuma in ɗora shi a bayan mota in tafi Jos wajen abokaina. Ngd.

Oga_Bakanike:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena dilan nan kasuwarsa yake ci kawai, babu wani ninki wlh. Bari in ɗan yi maka bayani, ka yi haƙuri in ya yi tsawo.

Kafireto da injekta aikinsu ɗaya ne, su haɗa fetur da iska daidai gwargwado su miƙa wa inji. Kafin fetur ya ƙone tas yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, a nauyi fa ba a yawa ba, in kuma ƙarfi ake nema ana ɗan ƙara man ya koma wajen 12.5 zuwa 13. Ko wa ya kawo wannan haɗin, kafireto ne ko injekta, fistin bai san bambanci ba. Abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa ya matse, kamar murhun gawayi ne, in ba a fifita ba duk gawayin da ka tula hayaƙi kawai zai ba ka. Shi ya sa in mutum na son ƙarfi abin da ake taɓawa shi ne girman silinda, matsin fistin, bawul da kamshaf ɗin da ke buɗe su, hanyar iska da kuma salansa. Waɗannan babura biyu da ka faɗa kuwa girman injinsu ɗaya, bawul biyar-biyar ne, kafireton na 2007 ɗin Keihin FCR ne mai faɗin maƙogwaro milimita 39, shi kuma na 2010 bututun iskarsa 42 ne. Ka ga tazarar ba wata babba ba ce, in duka suna da lafiya kuma an saita su da kyau, a miƙaƙƙen fili sai dai gwanintar mai tuƙi ta raba su. Balle ma R ɗin ya fi faɗi ya fi nauyi.

Kuma FCR ɗin nan ba kafireton wasa ba ne, kar ka kwatanta shi da na babur ɗin acaɓa. Yana da ɗan famfo a jikinsa da ke tsarta mai duk lokacin da ka danna totur da sauri, shi ya sa yake amsawa nan take, na tsere ne. Honda ma TRX450R ɗinsu tun daga 2004 har suka daina yin sa a 2014 ba su taɓa sa masa injekta ba, kuma mutane sun yi ta cin tsere da shi.

To me injekta ke ba ka kenan? Daidaito. Kafireto in ka saita jet ɗinsa, wato ɗan ramin da mai ke bi, to ka saita shi ne don yanayi guda, bai san yau sanyi ake ba ko zafi, bai san ka hau dutse ba. Injekta kuwa yana da sansa da ke gaya wa biren bokis, wato 'yar kwamfutar injin, zafin iska, matsin iska, zafin ruwan lagireto da inda totur yake, shi kuma ya lissafa tsawon lokacin da zai buɗe nozul. Da sanyin asuba ka taɓa sitata ya tashi ba ruwanka da cok, a gargada ba ya shaƙewa don babu kofin mai da zai dinga kaɗawa, in ka ajiye shi wata biyu ba za ka tarar silo jet ya toshe da dattin tsohon mai ba. Wannan abu ne mai daɗi kam, ban raina shi ba. Amma daɗi daban ƙarfi daban.

Na_Riyad:

Oga da girmanka amma ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ina aiki a wajen masu ba da hayar waɗannan babura a Sumama, bayan garin Riyad, kullum a cikin yashi muke da su. Na hau tsohon Yamaha Raptor 660 mai kafireto biyu na kuma hau Raptor 700 mai injekta, wlh ba a haɗa su. 700 ɗin tun daga ƙasa yake ja, a giya ta uku za ka hau tudun yashi yana gurnani bai ko tari ba, 660 kuwa in ya gincire a gefen tudu ya ɗan daɗe sai ya fara kakari, in ya kife ka tayar da shi sai ka yi ta fama da sitata don mai ya cika shi. Na injekta in ya kife da kansa yake mutuwa, ka miƙar da shi ka kashe makulli ka kunna shikenan.

Sannan ku duba gasar Dakar mana, tseren nan na motoci da babura a hamada, tun da aka koma Kudancin Amurka a 2009 har aka kawo ta nan Saudiyya a 2020, ɓangaren masu ƙafa huɗu Yamaha ne ya dinga lashewa, kuma Raptor 700 ne abin hawan yawancinsu. 'Yan gidan Patronelli na Ajantina, Marcos da Alejandro, su kaɗai sau biyar suka ci tsakanin 2010 da 2016, Ignacio Casale ɗan Chile ya ci 2014 da 2018 da 2020. Mutanen nan duwatsun Andes suka dinga ƙetarawa sama da mita 4,000, in kafireto ya fi ai da shi za su ɗauka.

Oga_Bakanike:

Na_Riyad ai ba mu saɓa ba, duk abin da ka lissafa daidaito ne da na faɗa, kifewa da gincirewa da hawa dutse. Inda zan ja da kai shi ne kwatanta 660 da 700, don ba kafireto kawai aka cire aka liƙa injekta ba a 2006 ɗin, sabon inji ne gaba ɗaya. An ɗaga shi daga 660cc zuwa 686cc, an bar bawul biyar an koma huɗu, firam ɗin ma sabo. Kuma ka lura da 2015 da suka so ƙara wa 700 ɗin ƙarfi, injekta ai yana nan tun da, me suka taɓa? Matsin fistin suka ɗaga daga 9.2 zuwa 10 suka gyara kan injin da salansa. Ka ga inda ƙarfin yake fitowa.

Kuma tunda a ƙasar Larabawa kake, gaya mana gaskiya, in Yamaha Banshee da aka yi wa aiki ya shigo fili ina samarin suke kallo? Inji 350 ne kacal, tsohon yayi tun 1987, kafireto biyu, amma da yake irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai ne, kowane juyi ɗaya yana ba da wuta. Abin da ya kore shi daga kasuwar Amurka bayan 2006 ba rashin ƙarfi ba ne, dokar hayaƙi ce. Ita dokar nan ma tana cikin abin da ya tura kamfanoni ga injekta a daidai shekarun, Suzuki LT-R450 a 2006, Kawasaki KFX450R da Can-Am DS 450 a 2008, YFZ450R a 2009.

Na_Riyad:

Hhhh Banshee kam Oga ka kama ni, ƙararsa kaɗai tana tara jama'a. Amma mai shi kullum hannunsa baƙi ƙirin da sukudireba a aljihu, mu masu haya ba za mu iya wannan rainon ba.

Ɗan_Agadas:

Assalamu alaikum. Ni dai shawarata ga mai tambaya ya dubi inda zai sha mai da wanda zai gyara mishi, kafin ya dubi ƙarfi. Mu nan in ka fita daga gari esansin kwalba ne ko na jarka, wani da ruwa a gindinshi wani da rairayi, mu kan tace shi da ƙyalle amma duk da haka wani abu na wucewa. Moto mai karbiratar in ya sha datti, ka zauna gindin icce ka kwance kofin ƙasa, ka zubar da ruwan, ka busa jiklar (jet) ka goge buji (fulogi), rabin awa ka kama hanya. Na injekta famfonshi cikin tanki yake kuma da lantarki yake aiki, in ya sha ruwa da rairayi ya mutu ko batir ya yi sanyi to kai da moton sai a bayan mota. Na ga wanda hakan ta samu tsakanin nan da Ingal, mai da ya saya a hanya ne ya cuce shi, bai san ko ina zai taɓa ba don babu abin da zai kwance ya gani da ido.

Masu Dakar da ake faɗi suna da manyan motoci na bin su da kanikawa da kayan gyara, mu nan mun gan su da idonmu zamanin da gasar ke ratsowa ta Agadas da Tenere, ba kamar mutum ɗaya da ke gonarshi ba ne. A Kano na san akwai masu gyaran injektan mota da yawa, amma famfo da sansa na wannan moton fa sai an yi oda daga waje.

Injiniya_Samaru:

Muhawara ta yi daɗi. Bari in sa baki kan maganar Jos don ita ce ta shafi mai tambaya kai tsaye, kuma akwai wani kuskure da mutane ke yawan yi a nan.

Duk injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ka hau, saboda iska tana yin sirara. Legas a bakin teku take, Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa wajen mita 1,200 ne. To babur ɗin da ya taso daga Legas ya je Jos ya yi asarar sama da kashi 10, kuma injekta BA ZAI dawo da wannan ba, don ba ya ƙirƙirar iska. Abin da yake yi shi ne ya rage mai daidai da iskar da ta ragu. Shi kafireto sai ya yi asara biyu, ga ƙarancin iska ga mai ya yi yawa a haɗin, sai ka ji inji yana nauyi, fulogi ya yi baƙi, salansa na warin ɗanyen fetur. Asara ta biyun ita kaɗai injekta ke cece ka daga gare ta. Daga Kano zuwa Jos tazarar mita 700 da wani abu ce, kafireto zai ɗauka, za ka ɗan ji canji amma ba abin da zai hana ka hawa ba, in abin ya dame ka a sauke babban jet mataki ɗaya. Da Mambila ka ce ko kullum kana hawa kana sauka da sai in ce injekta ba tantama.

Zafi ma haka. Iskar da ke digiri 40 ta fi ta digiri 15 sirara da wajen kashi 8, ka ga tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a Kano kaɗai haɗin kafireto yana motsawa. Kuma jet ɗin da ya zo da shi daga Amurka ba ka san don wane gari aka saita ba, ko mai shi a bakin teku yake ko a kan duwatsun Colorado.

Abu na biyu, kar a ɗauka biren bokis ɗin waɗannan babura yana da wayo irin na mota. Mota tana da sansa a salansa da ke shinshina hayaƙi ta gyara kanta. Yawancin baburan wasan nan na shekarun ba su da shi, lissafin da aka rubuta musu a kamfani suke bi. In wani ya canja salansa ya sa mai buɗaɗɗen baki, ya cire murfin akwatin iska, iska ta ƙaru amma man bai ƙaru yadda ya kamata ba, inji ya dinga zafi yana harbi in ka saki totur, a hankali bawul da fistin su ji jiki. Maganinsa sai an sa ƙaramar na'ura irin Power Commander ta Dynojet an sake lissafin da kwamfuta. A kafireto kuwa jet ne za ka canja ka ɗaga allura, kuɗi kaɗan. Turawan can kuma da wuya su bar babur yadda ya fito, kusan kowa sai ya canja salansa.

Ɗanbirni:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya maganarka ta sa na koma na duba hotunan, lallai salansar R ɗin ba ta kamfani ba ce, wata doguwa ce mai sheƙi da sitika a jiki. Na 2007 ɗin kuma tasa ta asali ce kaman. Oga_Bakanike in kai ne wanne za ka ɗauka? Kuma me zan ce wa yaron da zan tura ya duba min, don ni ba zan samu zuwa Legas ba yanzu.

Oga_Bakanike:

In ni ne na 2007 zan ɗauka in rage kuɗi in sayi tayoyi da hular kwano mai kyau, amma fa ni bakanike ne, kwance kafireto ba ya ba ni tsoro. Kai in ka san ba ka son taɓa sifana, so kake ka kunna ka tafi, kuma a gidan mai za ka dinga shan fetur ba wajen 'yan bumburutu ba, to R ɗin ya fi maka. Kuma in za ka biya ƙarin kuɗin ka san abin da kake biya, faɗinsa da shokansa ne, ya fi zama daram a kwana, totur ɗinsa ma ya fi laushi a babban yatsa, na FCR yana da tauri in ka daɗe a kai yatsan har sagewa yake. Duka biyun dai ba su da ribas, ka sani tun yanzu, a gona in ka shiga lungu sai ka sauka ka ja. Raptor ne mai ribas.

Yaron da za ka tura ya je da sassafe ba tare da ya gaya wa dilan lokaci ba, ya fara ɗora hannu a kan injin ya tabbatar da sanyi yake. Waɗannan injina in bawul ɗinsu ya matse alamar farko ita ce wahalar tashi da sanyi, dila kuma ya san haka shi ya sa za ka tarar ya riga ya ɗumama shi. A R ɗin in ya murɗa makulli ya kasa kunne, zai ji famfo ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku ya tsaya, in kukan na rawa ko babu shi akwai magana. Ya duba fitilar gargaɗi ta mutu bayan inji ya tashi. Ya ɗaga kujera ya ga ko akwai ƙaramar na'urar da Injiniya ya faɗa an jona ta da wayoyi, in salansa ce kawai aka canja babu ita to injin ya daɗe yana aiki da ƙarancin mai, a cire fulogi a gani, in ya yi fari fat ka yi hattara. Ya haska cikin tanki da tocila. A na 2007 kuma ya duba ƙasan kafireto ko yana obafulo, ya danna totur da sauri ya ji ko zai amsa ko zai yi kamar zai mutu tukuna.

Duka biyun ya buɗe akwatin iska ya cire soson, ya shafa yatsa a cikin bututun da ke bayansa. In ya fito da ƙura ko yashi a yatsan to injin ya sha ƙasa, kar ka saya ko da me yake amfani. Kai ma in ya iso hannunka soson nan shi ne aikinka na kullum a ƙurar Kano, wanki da shafa masa mai.

Ɗan_Agadas ka yi daidai da ka ce a busa jet. Yaran gareji da yawa allura ko waya suke zura masa, ramin tagulla ne yana buɗewa, daga nan babur ya fara zuƙar mai a rasa dalili.

Ɗan_Agadas:

Haka ne Oga. Kuma in ya ɗauki mai karbiratar ya sa a haɗo mishi da jiklar manya da ƙanana a cikin kayan tun daga can, ba su da tsada amma nan samun na FCR wuya ne, ba ya shiga da na kananan motoci.

Ɗanbirni:

To madalla. Gobe in sha Allah yaron zai je da safe, na ce ya ɗauko min bidiyon tashin kowanne da hoton fulogi da na ƙarƙashin kujera. Oga zan sako su nan ka duba min kafin in tura ko sisi.